Jan Fitsarin da Muka Ɗauka Tsargiya Ce

Na fita takaba a makon jiya, kuma tun ina ciki na yi wa kaina alkawarin sai na rubuta wannan. Ba tausayi nake nema ba, na sha tausayi har ya gundure ni. Saboda matan da mazajensu ke wuni a cikin kanal nake rubutawa, daga Kura zuwa Bunkure har Kadawa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Sunana Rabi. Mijina Habibu ne, Baban Ummi nake ce masa, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yanmu biyu, Ummi da ƙaninta Sadiku, wanda yake shan nono lokacin da abin ya fara. Da rani tumatir da albasa yake nomawa, da damina shinkafa. Ni kuma ina turara shinkafa a gida, 'yan kasuwa su zo su ɗauka. Shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu, in liman ya yi tafiya shi ke jan mutane. Mutum ne mai tsananin kula da tsarki. Ko gona zai je sai ya ɗaure wasu kaya daban a leda, waɗanda zai sa ya yi salla, don bai yarda da wandon da ya shiga ruwa da shi ba.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san jan fitsari. Yaro na fara wanka a kanal, ba a daɗewa zai zo ya ce fitsarinsa ya yi ja, manya su yi dariya su ce ya fara zama namiji. Tsargiya ce, a sayo ƙwaya a kemis a sha, ta lafa, a koma ruwa, ta dawo. Ba ma lissafa ta a cikin cututtuka. Shi ya sa ranar da na fara ganin jini a makewayi ban tsorata ba, haushi kawai na ji don bai kora ruwa sosai ba.

"Baban Ummi, jinin mene ne wannan?"

"Ke dai Rabi ba kya gani ki yi shiru. Tsargiya ce. Tun ina yaro muke tare da ita."

"Ai ka sha ƙwaya wancan watan."

"Zan ƙara. Yau ranar ruwanmu ce, ba ni kokon in tafi."

Ga wanda ba ɗan nan ba, ruwan kanal bi da bi ake sakinsa. Kowane ɓangare da ranarsa. In ranarka ta wuce ba ka je ka ja ruwa zuwa fangalin gonarka ba, sai ka jira zagayowa, kuma tumatir da aka dasa ba ya jira. Wannan ranar ruwan ta ci mana makonni. Duk sanda na ce mu je asibiti, sai ya ce bari ruwa ya wuce. In ruwa ya wuce, ga feshi. In feshi ya wuce, ga ruwa ya sake zagayowa.

Ya sha ƙwayar har sau nawa ban sani ba, jinin bai tsaya ba. Da ja-ja ne a ƙarshen fitsari kamar yadda aka saba. Sai ya koma tun daga farko har ƙarshe, sai ya fara zuwa da guda-guda. Daga baya wani abu fari-fari ya riƙa fita kamar tsokar da ta jiƙa. Ya rame har sai ya ninka tazugen wandonsa. Ina magana, yana cewa na cika gaggawa. Gaskiya ne ina da gaggawa, amma a wannan karon gaggawata ma ta makara.

Wata ranar ruwa da hantsi aka kawo shi a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya, mararsa ta kumbura, yana ta gumi. Wani ƙaramin asibiti a bakin titin Zariya muka kai shi. Suka sa masa roba, jini da gudaji suka zubo. Aka yi sikanin. Mai yin hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai tsiro a mafitsara, mu wuce babban asibiti a birni, kada mu tsaya ko'ina.

Babban asibiti kuwa, sai wanda ya je. Muna idar da asuba mu fito titi mu tari bas, Sadiku a bayana, Baban Ummi a gefena yana dafe da mara, kowane rami motar ta faɗa sai na ji numfashinsa ya ɗauke. Mu isa mu tarar da layi ya riga ya miƙe. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban. Makon farko fayil kawai muka buɗe. Mako na biyu aka rubuta gwaje-gwaje. Na uku aka ce na'urar da za a leƙa cikin mafitsarar ta lalace, mu dawo. Na yi faɗa da wata nas a ranar, na ce mata daga Kura muke zuwa ba daga bayan katangar asibiti ba. Ta ce, "Hajiya, ni na lalata ta?" Ba ita ta lalata ba, na sani. Ita ce dai a gabana.

Buhunan shinkafar da muka ajiye don ci su suka fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Da aka gyara na'urar aka leƙa, aka gutsuro ɗan nama aka kai gwaji, muka sake jira.

Likitan da ya faɗa mana sakamakon mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya ja kujera kusa, ya yi mana da Hausa tsantsa.

"Malam Habibu, tsargiyar da ka daɗe da ita ce ta yi ta cin bangon mafitsara, har wurin ya juye ya zama daji. Amma yanzu yana ciki, bai fita ba. Idan ya fita, hannunmu ba zai kai ba."

Ya ce aiki za a yi, a cire mafitsarar gaba ɗaya, a buɗe wata 'yar ƙofa a gefen ciki, fitsari ya riƙa zuba a wata leda da ake mannawa a fata. Ya ce akwai mutanen da suke rayuwa da ita shekara da shekaru, suna harkokinsu.

Ni har na fara cewa alhamdu lillahi, tunda akwai abin yi. Baban Ummi bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi ko zai tashi ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Likita, ledar nan, ana cire ta lokacin salla?"

"A'a, Malam. Kullum tana jiki."

Muka fito muka hau mota. Sai da muka wuce Kwanar Dawaki ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da wane jiki zan tsaya gaban Ubangijina, fitsari na rataye a cikina?"

Na ce, "Da wane jiki za ka tsaya in ka mutu?"

Mutanen cikin motar suka juyo. Ya ce in rufe masa baki, na rufe.

Washegari aka taru a ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Yayansa, Yaya Sale, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya fara magana. Ya ce kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi da wuƙa zai watsu a jiki. Ya ce ga wani mai magani can gaba da Madobi da ya warkar da mutane, ba yanka ba allura.

Na ce, "Yaya, wa ya warkar? Ka faɗa mini sunan mutum ɗaya in je in gan shi."

"Rabi, ana maganar manya."

"Likita ya ce in ya fita daga mafitsara shi ke nan. Ni na ji da kunnena, ku ba ku je ba."

Inna ta ce, "'Yar nan, so kike a farke mini ɗa a rataya masa leda kamar buhun taki? Boko ɗin nan naki dai."

Yaya Sale ya ce, "Ke matarsa ce, mu jininsa ne. Ba za mu cuce shi ba."

Na juya wajen Baban Ummi ina jira ya ce wani abu. Kansa na ƙasa. Maganar ƙarfe ba ta dame shi ba, na sani, ledar ce. Amma maganar Yaya Sale ta ba shi inda zai fake, sai ya fake.

Haka aka shiga zuwa Madobi. Jiƙo a jarka, garin magani a kunu, hayaƙi safe da yamma har labulen ɗakina ya canza kala. Makon farko ya ce yana jin sauƙi, Inna ta zo har ƙofar ɗakina ta ce, "To, Likita Rabi, sai yaya?" Mako na biyu ya fara amai. Na uku aka ce ciwon ne ke fita, a ƙara jarka. Injin ban ruwansa aka sayar a lokacin, wanda yake taimaka masa in ruwan kanal ya yi ƙasa.

Bari in faɗi yadda gida ya koma, don ba a faɗa wa mace wannan ɓangaren. Wanki ba ya ƙarewa. Zanin gado, wanduna, tsummoki, kullum cikin jini, kuma ba na yarda in shanya a tsakar gida don kada a gani a yi ta surutu. Turarin shinkafa ya tsaya, don ba zan iya tsayuwa kan tukunya tun safe ba ga mai kira a ɗaki. Masu kawo mini shinkafa suka koma wajen wasu. Ummi na kai ta gidanmu wajen mahaifiyata, da ta dawo hutu sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ubanta kamar baƙo. Masu dubiya kuwa ba sa yankewa, kowa da maganin da ya ji, kowa sai an ba shi ruwa an shimfiɗa masa tabarma. Wasu sun zo da alheri, Allah ya biya su. Wasu sun zo ne su ga yadda ya koma su je su ba da labari.

Ni kaina na manta ina da ciki. In na dafa masa ya kasa ci, sai abincin ya fita daga raina ni ma. Nonona ya ƙafe, Sadiku ya yi ta tsotsa yana kuka, dole na yaye shi ba shiri. Kaina na sarawa kullum, na ɗauka rashin barci ne. Wata rana da azahar na sunkuya zan sauke tukunya, sai farkawa na yi a ƙasa, zanina ya kusa kama wuta.

Maman Blessing ce ta ɗaga ni. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, mijinta na tuƙa tarakta, ita kuma tana da ɗan shago a ƙofar gida. Ita ta ja ni zuwa wajen awo a ranar, aka ce jinina ya hau sosai, aka ba ni ƙwaya. Da muka dawo ta zaunar da ni a shagonta ta ajiye mini kwanon faten wake.

"Maman Ummi, ki cinye a gabana."

"Ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ki ba. In kin faɗi, wa zai wanke shi? Yaya Sale?"

Na yi dariya, rabona da dariya har na manta. Daga ranar kullum da hantsi sai ta aiko a ɗauki Sadiku, ta ce in kwanta ko na ɗan lokaci ne, in masu dubiya sun zo su jira. Ba ta taɓa kawo mini magani ko shawarar magani ba. Abinci da barci kawai. Duk cikin masu zuwa ita kaɗai ta tambaye ni yaya jikina.

Da na ɗan dawo hayyacina sai na yi abin da ya kamata a yi tun farko. Na sa hijabi na tafi gidan liman, na shiga wajen matarsa, na ce ta yi mini iso. Daga bayan labule na yi masa bayani, ban ɓoye komai ba, har ledar.

"Allah gafarta Malam, mai wannan ledar sallarsa ta yi ko ba ta yi ba?"

Ya ce, "Subhanallahi. Wannan ne ya hana shi? Ai lalura ce. Me ya sa bai tambaye ni ba, kullum muna tare?"

"Kunya, Malam."

Da la'asar ya zo da kansa. Ina tsakar gida ina jin su. Ya ce masa wanda fitsari ke zubar masa ba da ikonsa ba, addini ya yi masa sauƙi, sallarsa tana nan daram. Baban Ummi ya ce, to jan mutane fa? Liman ya ce, "Habibu, wa ya ce dole sai ka ja? Ka bi sahu. Kiran salla kuma da baki ake yi, ba da mafitsara ba." Na ji Baban Ummi ya yi 'yar dariya. Da liman ya fita, Baban Ummi ya kira ni ya ce ya yarda a yi aikin.

Sai dai kuɗin aikin yana gona. Tumatir ya fara nuna, yaran da Yaya Sale ya sa suna kula da shi sun ce saura kaɗan a fara tsinka. Baban Ummi ya ce a bari a cire a sayar. Wannan karon ban yi musu ba, don ba ni da abin da zan ajiye a madadinsa. Muka jira. Da aka fara tsinka, kowa ma ya fara, kwanduna suka cika bakin titi, masu saye suna taya yadda suka ga dama. Aka haɗa da abin da 'yan'uwana suka tara da ɗan kunnena na aure, muka koma birni.

Kafin nan ƙafafunsa sun kumbura, bayansa na ciwo har ba ya iya miƙewa sosai. Aka sake hoto. Likitan nan dai ne. Ya duba fayil, ya duba ranar da muka zo ƙarshe, ya cire tabarau ya murza idonsa. Bai yi mana faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi.

"Ya fita," ya ce. "Ya kama ƙashin baya, ya toshe hanyar ƙoda. Yanzu ba warkarwa za mu yi ba, sauƙaƙawa za mu yi."

Baban Ummi ya ce, "Likita, na yarda da ledar fa. Na zo a yi."

"Na sani, Malam Habibu. Aikin ba zai amfane ka ba yanzu."

Aka kwantar da shi don jininsa ya yi ƙasa sosai, aka ce mu kawo masu bayarwa. A nan dole in faɗi alherin Yaya Sale. Bas guda ya ciko da manoman ɓangarensu, ranar ruwansu ce kuma, suka bar ruwan ya wuce. Shi ya fara miƙa hannu. Da yawa daga cikinsu aka auna aka ce jininsu bai isa a ɗiba ba, su ma kansu suna bukata. Suka yi ta tsokanar juna a baranda, wani na cewa ai tsargiya ce ta shanye masa. Na tsaya ina kallonsu, na rasa ta inda zan fara faɗa musu inda tsargiyar ta kai Baban Ummi.

Yaya Sale ya same ni a bakin famfo ina wanke kwano. Ya ce, "Rabi, sannu." Na ce, "Yauwa, Yaya." Iyakar abin da muka ce ke nan a kan maganar har yau.

Don fitsarin ya samu hanya, suka huda bayansa suka sa roba zuwa ƙoda, robar ta sauka cikin leda. Da ita aka sallame mu, da maganin kashe zafi da ake ba shi a cokali. Ledar da ya ƙi saboda ita, ga ta nan dai ta zo, kuma ba ta zo da warakar ba.

Abin da nake so ku ji ke nan, 'yan'uwana mata. In mijinki ya sha maganin tsargiya jini bai tsaya ba, ko ya fara zuwa da gudaji, ko ya fara ramewa, ba tsargiyar da kuka sani ba ce. Ki ja shi asibiti a yi hoto ko da ranar ruwa ce, fangali ya bushe. In abin da ke tsaye masa a rai na addini ne, ki nemi malami a makon, kada ki zauna kina faɗa da dangi kamar yadda aka yi ta yi a gidanmu. Yaranku kuma in sun yi jan fitsari ku daina dariya. Ke kuma mai jinya, ki ci abinci, ki je a auna ki, ki karɓi hannun duk wanda ya miƙo. Ba wanda zai ce miki ki huta, sai kin samu irin Maman Blessing, kuma ba kowace unguwa ke da ita ba.

Makonnin ƙarshe a gida muka yi su. Na koyi juye ledar, na koyi wanke bakin robar, na koyi juya shi ni kaɗai ba tare da na fama masa baya ba. Tun da aka sa robar ya daina salla a gabana. In lokaci ya yi sai ya ce in fita, ban san me yake yi ba, ban kuma tambaya ba. Wani yaro aka sa yana kiran salla a madadinsa, in Baban Ummi ya ji muryar sai ya juya fuska bango.

Wata la'asar aka kira salla, na tashi zan fita kamar kullum, sai ya ce in tsaya in miƙo masa dutsen taimama. Na kawo. Hannunsa ba ƙarfi, ni na riƙe masa dutsen ya shafa. Na gyara masa filo ya fuskanci gabas. Ledar na rataye a ƙafar gado, ta kusa rabi, ja-ja. Ya yi kabbara a kwance, yana nuni da kai. Na zauna a ƙasa ina jin karatunsa a hankali, bai yi gaggawa ba, bai tsallake komai ba. Ya sallame, ya kira ni.

"Rabi."

"Na'am, Baban Ummi."

Ya kalli ledar, ya kalle ni.

"Ashe ana yi da ita."

Na ɗauki dutsen na mayar inda yake, na fita bayan ɗaki inda ba zai ji ni ba.

Bai ƙara mako ba. Allah ya jiƙan Habibu, ya karɓi sallolinsa, na tsaye da na kwance.